Sanyin Hunturu Da Ire-Iren Gizagizai



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jujjuya dare da yini, Mai sarrafa iska da girgije yadda Ya so. Tsira da amincinSa su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da ɗalibai, da iyayenmu mata da ke saurare daga nasu sashe, an umurce ni da in yi bayani a kan wannan sanyi da muke ciki. Duk wanda ya fito sallar Asuba cikin makon nan ba ya bukatar a ba shi labari: ruwan buta ya zama kamar ƙanƙara, sahu ya ragu, tari kuwa har yana neman rufe karatun liman. Saboda haka zan yi magana, in Allah Ya yarda, a kan inda sanyin yake fitowa da abin da ake sa ran gani a kwanaki masu zuwa, sa'an nan ire-iren gizagizai da abin da kowanne yake nunawa, daga ƙarshe kuma abin da ya hau kanmu mu aikata, domin a cikin wannan al'amari akwai batun rayuka da dukiyoyi.

ASALIN SANYIN HUNTURU

Ƙasarmu tana zaune ne tsakanin manyan iskoki guda biyu. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma, tana ɗauke da laima, ita ce mai kawo damina. Ɗayar kuma tana gangarowa daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya ƙayau, ita ce iskar hunturu. Inda suka haɗu akwai iyaka wadda ba a gani da ido, kuma iyakar nan ba ta zama wuri guda. A watan Agusta takan haura arewa har ta wuce Agadas, sai mu kasance cikin rabon iskar teku, a yi ta marka. A watan Janairu kuwa takan koma kudu har kusa da gaɓar teku, sai mu faɗa hannun iskar hamada baki ɗaya.

To, me ya sa wani mako sanyin ya fi na wani mako? A wannan lokaci rana ta karkata kudu, yini mafi gajarta a gare mu yana faɗowa wajen 21 ko 22 ga Disamba, saboda haka hamada takan huce ƙwarai. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, sai ta taru a sararin Libiya da Aljeriya. Idan wata iska mai sanyi ta ƙetaro Bahar Rum daga Turai ta ƙara mata nauyi, sai ta kwararo kudu da ƙarfi. A arewacin Cadi akwai duwatsun Tibasti da na Enedi, iskar takan kutsa ta tsakaninsu kamar yadda ruwan sama ke ƙara gudu idan ya shiga ƙaramin lungu. Tana fitowa sai ta faɗa wa wani kwari da ake kira Bodele, kusa da garin Faya. Wannan kwari gindin tsohon tabki ne, tun zamanin da Tabkin Cadi yake da girman gaske shekaru dubbai da suka wuce, kuma ƙasarsa fara ce mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa da suka mutu suka bushe. Ita ce wannan farar ƙura da kuke sharewa a tabarmin masallaci. Cikin kwana ɗaya ko biyu takan iso Maiduguri da Damagaram da Nguru da Kano, wani kasonta ma yakan ƙetare teku har dazuzzukan Amurka ta Kudu.

Dalilin da ya sa sanyi ya fi tsanani da Asuba kuwa shi ne, ƙasa tana shan zafin rana da yini, da dare kuma ta amayar da shi sama. Laimar da ke cikin iska, da girgije, su ne bargon da ke tare wannan zafi. A hunturu babu bargon, domin laimar iska a Kano da tsakar rana takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Saboda haka zafi yana ta zurarewa tun daga Magariba, ba ya tsayawa sai rana ta fito. Abin da ya sa ke nan a Janairu ake iya wayar gari a Kano ma'aunin zafi yana wajen digiri 13, wani lokaci ƙasa da 10, amma da Azahar ya kusa 30. Jos kuwa tana bisa tudu mai tsawon mita 1,200 da wani abu, kuma duk kilomita guda da aka hau sama zafi yakan ragu da kimanin digiri shida da rabi, shi ya sa sanyinta ya yi suna.

ABIN DA AKE SA RAN GANI

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Akwai alamomi huɗu da kowa zai iya lura da su daga ƙofar gidansa.

Ta farko, idan iskar arewa maso gabas ta tsananta da hantsi, sama ta yi fari fat, rana ta zama kamar farin faranti, to sabuwar ƙura ta iso. Ƙurar tana tare hasken rana, saboda haka yini ma ba zai yi ɗumi sosai ba, kuma irin wannan yakan ɗauki kwanaki kafin ya lafa.

Ta biyu, idan iskar ta kwanta da dare, ƙura ta fara washewa, taurari suka fito tar, kada a ce sanyi ya wuce. Asubar da ke biye da irin wannan dare ita ce takan fi cizo, domin iska mai sanyi ta riga ta zauna, kuma babu abin da ya rufe sama.

Ta uku, idan gari ya yi lumshi da dare, wato girgije ya shimfiɗu, to galibi sanyin Asuba zai sassauta.

Ta huɗu, hunturu zuwa yake yi bi da bi. Yakan matsa, ya saki, ya sake dawowa, tun daga ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu, ƙura kuwa takan kai Maris. Don haka kada uwargida ta naɗe barguna don an sami kwana uku na ɗumi. Har ila yau mazauna kwari da bakin fadama su san cewa nasu sanyin ya fi na mutanen tudun da ke kusa da su, domin iska mai sanyi gangarawa take yi kamar ruwa.

Bayan waɗannan alamomi akwai sanarwar ma'aikata. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NiMet, an kafa ta da doka a 2003, tana fitar da hasashen kwanaki uku, tana kuma fitar da na damina a farkon kowace shekara. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 bayan babban farin da ya auka wa yankin Sahel. Ma'aikatan nan suna auna zafi da laima da nauyin iska da gudunta, suna duba hotunan tauraron ɗan'adam waɗanda ke nuna ƙura tun tana tashi daga Bodele. Idan kuka ji sun ce hazo mai kauri, suna nufin ba za a iya hangen abin da ya wuce mita 1,000 ba.

Na san akwai mai tambaya a zuciyarsa: shin wannan ba shiga gaibu ba ne? Malamai sun bambanta tsakanin boka ko ɗan duba, mai da'awar sanin ɓoye ba tare da wani sababi na zahiri ba, da mai lura da sababan da Allah Ya ɗora halittarSa a kansu. Shaihu Muhammadu bin Salih al-Usaimin, Allah Ya jiƙansa, yana cikin waɗanda suka bayyana cewa hasashen yanayi ba bokanci ba ne, domin a kan abin da ake gani ake aunawa aka gina shi. Wanda ya hango ƙura ta taso daga gabas ya ce mahaya na tafe, bai yi duba ba. Sai dai zato ne mai rinjaye, yana dacewa yana kuskurewa, kuma su kansu ma'aikatan sun yarda cewa idan ya wuce mako guda ƙarfinsa yakan ragu ƙwarai. Haka nan lissafin taurari 28 da manomanmu suka gada, kowanne kwana 13 in ban da guda mai 14, kalanda ce ta sanin lokacin shuka da girbi, babu laifi a cikinta. Abin da aka hana shi ne a jingina saukar ruwa ko zuwan sanyi ga tauraron kansa.

IRE-IREN GIZAGIZAI

Girgije ba hayaƙi ba ne. Idan iska mai laima ta hau sama takan huce, sai tururin da ke cikinta ya koma 'yan mitsi-mitsin ɗigon ruwa ko ƙwayoyin ƙanƙara, su maƙale a jikin ƙwayoyin ƙura. Tarinsu shi ne girgije. Da hunturu muna da ƙura har ta yi yawa, laima ce babu, shi ya sa sama ke zama wayam. A nan ya kamata mu rarrabe abu biyu da muke kira hazo. Akwai hazon ƙura, busasshe, mai fasa leɓe. Akwai kuma hazon raɓa, wanda girgije ne da ya sauko ƙasa, irin wanda ake gani a Jos da Mambila da damina, yana jiƙa tufafi, rana na ɗagawa yake watsewa.

Alƙur'ani Mai girma ya ja hankalinmu ga yadda ake kora girgije a haɗa shi a tara shi, a cikin Suratun Nur da Suratur Rum. Magabata kuma ba su ɗauki wannan ilmi wasa ba. Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a shekara ta 276 bayan Hijira, ya wallafa littafi a kan taurari da lokutan ruwa, Ibn Duraid kuma, wanda ya rasu a 321, ya wallafa a kan siffofin ruwan sama da girgije. Rabon da duniya ke aiki da shi yau ya samo asali ne daga wani Bature mai haɗa magunguna a Landan, Luke Howard, wanda ya gabatar da shi a 1802. Ya ɗauko sunaye daga Latinanci: sirus, wato silin gashi, kumulus, wato tsibi, sitiratus, wato shimfiɗa, da nimbus, wato girgijen ruwa. Daga waɗannan aka harhaɗa jinsi goma, aka kasa su bisa ga nisansu daga ƙasa.

Na can ƙololuwa guda uku ne, a ƙasashe masu zafi irin namu suna tsakanin kilomita 6 zuwa 18, kuma galibin abin da ke cikinsu ƙanƙara ce saboda tsananin sanyin wurin. Na farko sirus, sirara farare kamar an ja zaren auduga ko gashin jelar doki. Shi ne wanda muka fi gani da hunturu idan ƙura ta lafa, sau da yawa yana miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, domin iskar can sama dabam take da ta ƙasa. Ba ya kawo ruwa. Na biyu siro-sitiratus, mayafi ne shara-shara da ke rufe sama, rana na ratsa shi har mutum ya ga inuwarsa. Shi ne ke sa a ga zobe ya kewaye wata, abin da ake cewa wata ya yi sansani. Jama'a, wannan zobe ba alamar mutuwar sarki ba ce, ba kuma alamar yaƙi ba. Haske ne ke karyewa a cikin ƙwayoyin ƙanƙara, kamar yadda yake karyewa a ɗigon ruwa ya ba da bakan gizo. Na uku siro-kumulus, ɗigo-ɗigo ƙanana a jere kamar ɓawon kifi.

Na tsakiya suna wajen kilomita 2 zuwa 8. Akwai alto-kumulus, curi-curi kamar garken tumaki a kwance. Idan aka gan shi da safe cikin Afrilu ko Mayu, kawunansa suna tsirowa sama kamar zankwayen soro, to laima ta fara shigowa, ana iya samun hadari da yamma. Akwai alto-sitiratus, shimfiɗa mai launin toka wadda ke dushe rana har inuwa ta ɓace, shi ne lumshin da mai shanyar hatsi ba ya so. Akwai kuma nimbo-sitiratus, mai duhu da kauri, mai ruwan da ke zuba a hankali sa'o'i da dama babu tsawa.

Na ƙasa-ƙasa gindinsu bai wuce kilomita 2 ba. Sitiratus shi ne mai rufe kan duwatsu da safiyar marka, iyakarsa yayyafi. Sitirato-kumulus dunƙule-dunƙule ne masu faɗi da suka haɗe, ana hango shuɗin sama ta tsakaninsu. Kumulus kuwa kowane yaro ya san shi, fari kamar tsibin kaɗa a kasuwa, gindinsa a baje, kansa a tattashe. Yana fitowa da hantsi idan rana ta gasa ƙasa mai laima, ya watse da yamma. Duk ranar da kuka fara ganinsa bayan watannin ƙura, to iskar teku ta fara dawowa.

Na goma shi ne babbansu, kumulo-nimbus, wanda mu muke kira hadari. Kumulus ne ya girma ya yi ta hawa har kilomita 15 ko fiye, kansa ya baje kamar uwar maƙera. A cikinsa ake samun walƙiya da tsawa da ƙanƙara. A ƙasar Hausa galibi daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, yana turo iska mai ƙarfi a gabansa, wadda a farkon damina takan zo da holoƙo ta yaye rufin kwano kafin ɗigo guda ya sauka. Ga wani lissafi mai sauƙi: ƙara tana cin kilomita guda cikin daƙiƙa uku. In ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙa tara kafin ka ji tsawa, to tana nesa da kai da kilomita uku, kuma wannan kusa ne. Makiyayi da manomi su bar gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili.

ABIN DA YA HAU KANMU

Ya ku 'yan'uwa, ilmin da bai kai ga aiki ba nauyi ne a wuyan mai shi. Abu na farko shi ne kaskon gawayi. Gawayin da ke ci a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da rai ke bukata, mai barci ba zai farka ba balle ya nemi taimako. Haka hayaƙin janareta yake. Wanda ya ji ciwon kai da jiri a ɗakin da ake jin ɗumi, ya buɗe ƙofa ya fitar da kowa nan take. A ɗumama ɗaki, a fitar da kasko, sa'an nan a kwanta.

Na biyu gobara. Komai ya bushe, iska kuma tana kaɗawa, tartsatsi guda ya isa ya cinye layin shaguna ko rumbunan unguwa. A 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone, a 2021 kuma babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina, dukkansu cikin watannin rani. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A kashe wutar lantarki kafin a rufe shago, kada a bar na'urar dafa ruwa a cikin bokiti a tafi, masu farautar gafiya kuma su ji tsoron Allah su daina cinna wa daji wuta.

Na uku lafiya. Busasshiyar iska da ƙura suna tsattsaga fatar cikin hanci da maƙogwaro, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan na cikin dalilan da suka sa sanƙarau ke yaɗuwa daga tsakiyar hunturu zuwa bazara, musamman inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki guda marar taga. Manyanmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da cutar ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, mafi yawansu a Arewa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne, asibiti za a nufa a ranar. A karɓi allurar rigakafi idan ta zo. Masu fuka da tsofaffi su rufe hanci ranar ƙura, a sha ruwa ko ba a ji ƙishi ba, a shafa man kaɗanya. Yaron da numfashinsa ya yi sauri, haƙarƙarinsa na shiga ciki, a gaggauta kai shi wurin likita. Ɗumama ruwan alwala kuwa halal ne, babu wanda aka ɗora wa cutar da kansa.

Na huɗu hanya. Direba ya kunna fitila ko da rana ce, ya rage gudu, kada ya wuce mota a inda ba ya hangen gaba. Matafiyin da aka ɗage tashin jirginsa saboda hazo ya yi haƙuri, jinkirin ya fi masa alheri.

Na biyar, waɗanda ba su da mayafi. Da Asubar da muke kuka da sanyi daga cikin bargo biyu, akwai almajiri a zaure da 'yar riga guda, akwai maraya, akwai wanda rikici ya raba da gidansa, akwai majinyaci a barandar asibiti. Ina kira ga kowane reshe da 'yan agajinsa su tara barguna da rigunan sanyi a cikin makon nan, kada a jira wata mai zuwa, domin bargon da ya iso a Maris ya makara.

Kada kuma mu manta hunturu yana da nasa alheri. Alkamar da ake nomawa a Kadawa da kwarin Haɗeja sanyin nan take so, sauro yana raguwa, hatsi yana bushewa da kyau a rumbu, ƙurar kanta kuma tana sauke wa gonaki wani abu na taki.

Daga ƙarshe, Ramadan yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Bisa lissafi, daga 2026 zuwa 2032 azumi yana faɗowa ne cikin watannin hunturu, kamar yadda aka yi a ƙarshen shekarun 1990, har ma ana sa ran a 2030 zai kama sau biyu, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Jinjirin wata yana tsayawa ne ƙasa-ƙasa a yamma, daidai inda ƙura ta fi kauri, saboda haka za a sami shekarun da wani gari zai gani wani bai gani ba. Hukuncin sananne ne: idan an tsare wa mutane ganinsa, kuma babu tabbatacciyar shaida daga wani wuri, sai a cika talatin. Mu san haka tun yanzu, domin kada hazo ya zama sanadin tuhumar juna da rarrabuwar kai.

Allah Ya ba mu alherin wannan iska, Ya tsare mu daga sharrinta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya kai mu damina mai albarka. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.